Idan talabijin ta fito da aibi a Ingila, kada kunya ta hana ka mayarwa

Bayan sallar Isha'i muna zaune a ƙofar gida, a ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, sai wayar Yaya ta yi ƙara. Ɗansa ne daga Mancesta, wanda ya tafi karatu wata uku da suka wuce. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, yaron ya kawo kukansa. Ya tara ɗan abin da yake samu a aikin ƙarshen mako ya sayi talabijin ta fam 320, yau kwananta goma sha biyu, ga shi wani koren layi ya tsaga fuskarta daga sama har ƙasa. Yaya ya ce, "To, sai haƙuri, tsautsayi ne. Kai baƙo ne a ƙasar mutane, kada ka je kana sa-in-sa da su a kan akwati."

Na ce, "Yaya, ara min wayar nan." Shekara tara na yi a ƙasar kafin in dawo gida, kuma irin wannan haƙurin ya ci min kuɗi ba sau ɗaya ba.

Kafin in yi magana da yaron sai da na tuna wa Yaya san noman da ya saya a kasuwar Maigatari shekarun baya. Kwana uku da kawo shi gida aka gane yana da ciwon ƙafa da aka ɓoye. Alhamis na zagayowa Yaya ya tasa shi gaba, ya nemo dillalin da ya haɗa cinikin, aka tsaya gaban shaidu, aka warware. Babu wanda ya ce ya yi rashin kara. Malamanmu na fiƙihu ma sun san wannan, suna kiran sa zaɓin aibi: wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba, yana da damar mayarwa. Abin da ya bambanta can da nan shi ne, a Birtaniya ba dillali ba shaidu, rubutacciyar doka ce da ƙidayar kwanaki. Kwanakin kuwa ba sa jiran mai jin nauyi.

Dokar ita ce ta haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba na shekarar 2015 ɗin. Ta ce duk kayan da ɗan kasuwa ya sayar maka dole ya zama mai inganci daidai gwargwado, ya yi aikin da aka saye shi dominsa, kuma ya zama yadda aka siffanta shi. Talabijin mai layi a fuska, ko wadda take mutuwa da kanta, ko wadda aka ce maka tana hawa intanet amma ba ta hawa, duk sun faɗi wannan jarrabawa.

Kwana 30 na farko su ne zinariya. A cikinsu, idan kayan na da aibi, kana da ikon cewa ba ka so, a ba ka kuɗinka cif. Ba dole ka yarda da gyara ba, ba dole ka karɓi wata ba, ba dole ka karɓi takardar sayayya ta kantin a maimakon kuɗi ba. Ta hanyar da ka biya, ta nan za a mayar maka, cikin kwana 14 daga ranar da suka amince. Ƙidayar tana farawa ne bayan kayan ya shigo hannunka. Idan kuma kai da kanka ka zaɓi a gyara, ana tsayar da ƙidayar har sai an dawo maka da ita. Shi ya sa tambayar farko da na yi wa yaron ita ce, "Ɗana, wace rana aka kawo maka ita?" Da ya ce kwana goma sha biyu, na ce gobe da safe ka tafi, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Idan kwana 30 sun wuce, ba shi ke nan ba, amma hannunka ya ɗan yi sanyi. Daga nan zuwa cikar wata shida da kawo maka kayan, za ka ba kantin dama ɗaya su gyara ko su sauya maka. In gyaran bai yi ba, sai ka nemi kuɗinka, ko ka riƙe kayan a rage maka farashi. Daɗin wannan zangon shi ne doka tana ɗauka cewa aibin tun asali yana nan, kantin ne zai kawo hujjar cewa kai ka lalata. Bayan wata shida nauyin hujja ya dawo kanka, wani lokaci sai ka nemo rahoton mai gyara, kuma suna iya cire wani abu na amfanin da ka yi. Damar kai ƙara tana nan har shekara shida a Ingila, biyar a Sikotland, sai dai wannan ba ya nufin an yi maka alkawarin talabijin za ta yi shekara shida.

Akwai wata magana da za ka ji a bakin ma'aikacin kanti, da murmushi da ladabi: "Ka kira kamfanin da ya ƙera, ai tana da garanti." Ni ma an taɓa juya ni da ita, na yi mako uku ina buga waya har kwanakina suka kusa ƙarewa. Wanda ya karɓi kuɗinka shi ne abokin cinikinka, shi doka ta ɗora wa nauyi. Garantin kamfani ƙari ne kawai a kan haƙƙinka. Yaya ma ai bai tafi neman Bafulatanin da ya yi kiwon sa ba, wurin wanda ya sayar masa ya koma. Ka ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ina mayar da ita ne a ƙarƙashin dokar 2015, ina cikin kwana 30." In yaron kanti ya ce ba shi da iko, ka nemi manaja. A can mai sanyin murya da takarda a hannu ya fi mai hargowa samun biyan buƙata.

Nan kuma sai a yi hattara, don a nan mutanenmu suke rikicewa. Duk abin da na faɗa na kaya mai aibi ne. Idan talabijin ɗin lafiyarta ƙalau, kai ne dai ka kai ta ɗaki ka ga ta yi maka girma, ko ka ga wata mai rahusa a wani wuri, to in a cikin kanti ka saya, doka ba ta tilasta musu karɓa ba. Da yawa suna karɓa don kyautatawa, bisa sharuɗɗansu, galibi sai kwali da komai na nan yadda yake. Ka tambaya kafin ka biya. Amma in ta intanet ka saya, wata doka ta 2013 ta ba ka kwana 14 daga ranar da aka kawo ka ce ka fasa, ko da ba ka da dalili, sannan wasu kwana 14 na mayarwa. Kuɗin mayarwar yana iya faɗawa kanka, kuma in ka yi amfani da ita fiye da dubawa, suna iya ragewa.

Ranar da aka kawo, kada ka jingine kwalin a lungu sai ƙarshen mako. Buɗe shi a take, waya na ɗaukar bidiyo, ka kunna, ka duba fuskar da farin hoto da baƙi ko akwai ɗigon da ba ya motsi, ka gwada sauti da rimot da kowace kafa ta baya. In ta iso a fashe, asarar mai sayarwa ce, domin kaya yana wuyansa har ya shigo hannunka. Kwalin nan kuwa ka ajiye shi aƙalla wata guda, ko da ɗakin naka kamar akurkin kaji ne. Rasit ma haka. In ya ɓata, bayanin asusunka na banki da ke nuna biyan ya isa hujja, wanda shi ne dalilin da ya sa ban so sabon zuwa ya biya babban kaya da tsabar kuɗi.

In sun ƙi, sai ka koma rubutu. Ka aika imel gajere: ranar saye, farashi, aibin, hoto, abin da kake nema, da wa'adin kwana 14. Wanda ya biya da katin bashi, kayan kuma ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba, sashe na 75 na wata dokar 1974 ya sa kamfanin katin ma yana da alhaki tare da kantin. Na san da yawanmu ba sa taɓa katin bashi saboda gudun riba. Mai katin cirar kuɗi na yau da kullum yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin, yawanci cikin kwana 120, ko da yake wannan tsarin kamfanonin kati ne, ba doka ba. Ƙungiyar Citizens Advice tana ba da shawara kyauta, kuma akwai kotun ƙananan ƙararraki da take sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba a Ingila. Da wuya maganar talabijin ta kai can.

Mai sayen ta hannu daga wani mutum a Facebook, shi kam ya san ya shiga kasuwar bayan fage. Abin da doka ta ba shi kaɗan ne: kayan ya zama yadda mai shi ya siffanta. Ka sa a kunna a gabanka kafin kuɗi ya bar aljihunka. Waɗanda suka nufi Jamus ko Faransa, ƙasashen Tarayyar Turai suna da garantin doka na shekara biyu. A Amurka kuma abin ya fi dogara da sharaɗin kanti da dokar jiha, don haka a karanta bayan rasit.

Wani abu da ba na mayarwa ba ne amma yana cizon baƙi: a Birtaniya kallon tashoshi kai tsaye sai da lasisi, wanda a 2025 kuɗinsa fam 174.50 ne a shekara. Na faɗa wa yaron wannan ma, ya ce, "Baffa, yanzu har kallon ma sai an biya?"

Kwana huɗu bayan haka ya sake kira, muna wurin sussukar gero. Ya ce da farko an tura shi wurin kamfani, ya maimaita abin da na koya masa, manaja ya fito ya kunna ta ya ga layin, ya karɓa. Kuɗin sun shigo da safiyar nan. Yaya ya karɓi wayar ya ce, "To madalla. Sai ka turo rabi a sayi buhuna, kallon ya jira ka gama jarrabawa."