Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a tambayar Legas da kewayenta

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, nakan ba ɗalibaina na ajin ƙarshe a nan Sakkwato tambayar gwaji a darasin labarin ƙasa, in ce su bayyana yadda yanayin ƙasa da ayyukan jama'a suka haɗu suka mayar da Legas da kewayenta cibiyar tattalin arzikin Najeriya. Yawancinsu ba su taɓa ƙetare kogin Kwara ba, abin da suka sani game da Ikko daga bakin 'yan ci-rani da direbobin tirela suka ji shi, amma rashin zuwa can bai taɓa hana ɗalibi cin maki ba. Abin da ke rage musu maki wasu kurakurai ne da nake gani a takarda bayan takarda, har na haddace su.

Babban cikinsu shi ne raba amsa gida biyu. Ɗalibi zai cika shafi da teku da tafki da ruwan sama, ya ja layi, sannan ya cika wani shafin da masana'antu da bankuna da yawan jama'a, ba tare da jimla ko ɗaya da ta ɗaure na farko da na biyu ba, alhali ɗaurin nan shi ne abin da aka tambaya. Gyaran shi ne duk lokacin da ka ambaci wata siffa ta ƙasa, ka biyo ta da abin da ta haifar. Tafkin Legas ruwa ne mai faɗi marar zurfi wanda tudun rairayi ya kare shi daga haukan teku, kuma a nan yake da mashiga zuwa Tekun Atlantika, saboda haka jirgi yana samun wurin tsayawa cikin kwanciyar ruwa, kwale-kwale kuma yana iya bin rafukan bayan gaɓa har Badagry ta yamma da Epe ta gabas. Wanda ya rubuta haka ya faɗi tafkin, ya kuma faɗi dalilin da ya sa kasuwa ta zauna a bakinsa tun kafin Turawan Ingila su karɓe garin a 1861.

Wannan yana jawo kuskure na biyu, wanda har wasu malamai ke faɗawa ciki, wato cewa Allah ya hore wa Legas tashar jiragen ruwa gamammiya tun asali. Gaskiyar lamarin ita ce rairayi ya daɗe yana toshe bakin mashigar, manyan jirage ba sa iya wucewa, sai dai su tsaya a tsakiyar teku ko su zarce tashar Forcados da ke yankin Neja Delta a sauke kaya cikin ƙananan jirage. Sai da aka gina dogayen katangu na dutse a gefen mashigar biyu, da duwatsun da jirgin ƙasa ya riƙa ɗaukowa daga wajen Abeokuta, aka kuma yashe ƙasan ruwan, sannan manyan jirage suka fara shiga a 1914. Daga nan aka gina tashar Apapa a 1926, aka ƙara ta tsibirin Tin Can a 1977, sai ta Lekki mai zurfi da aka buɗe a 2023. Ina son wannan misali domin yana nuna wa ɗalibi cewa ƙasa tana ba da dama ne kawai, mutane da kuɗi da gwamnati su ke ƙarasa ta. Yana kuma nuna cewa ƙasa tana karɓar bashinta. Igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take tura rairayi zuwa gabas, katangun suka tare shi, ya taru a ɓangaren yamma, gaɓar tsibirin Victoria da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru, har aka koma cike wurin da rairayi don gina unguwar Eko Atlantic. Ɗalibin da ya kawo wannan sarƙa daga katanga zuwa zaizayar gaɓa ya nuna cewa ya gane darasin, ko da bai ƙara komai ba.

Akwai kuma masu auna damina da mudun Sakkwato. Mu nan ruwa yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ce tsakiyar damina, abin da muke samu a shekara kuma bai cika wuce milimita 700 ba, sai yaro ya rubuta cewa a Legas ma Agusta ce watan ruwa. Legas tana samun fiye da milimita 1,500, kuma daminarta kai biyu gare ta: babba a wajen Yuni, ƙarama a wajen Satumba da Oktoba, a tsakaninsu ruwa yakan ɗan ɗauke a Agusta. Haka nan kada a rubuta cewa ta fi mu zafi. Matsakaicin zafinta wajen digiri 27 ne kuma bai cika sauyawa ba, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Abin da ke damun baƙo a can shi ne laimar iska mai hana gumi bushewa. Idan an haɗa wannan ruwa da ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda da kaɗan ta ɗara teku, ga fadamu da aka cike aka yi gini a kai, an sami dalilin ambaliyar da ake gani a Lekki da makamantanta.

Batun man fetur ba ya buƙatar doguwar magana. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa arzikin Legas daga rijiyoyin mai yake, alhali rijiyoyin suna yankin Neja Delta ne, a jihohi irin su Ribas da Delta da Bayelsa da Akwa Ibom, ɗan abin da aka haƙo a teku daura da Badagry kuwa sai a 2016 aka fara haƙo shi. Matatar Dangote da ke Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta ruwa ake kawo mata ɗanyen mai, tashar lantarki ta Egbin da ke wajen Ikorodu kuma iskar gas ɗin da take ƙonawa ta bututu take zuwa daga Escravos da ke Neja Delta. Abin da ya kawo su nan shi ne tasha da kasuwa da jari da ma'aikata.

Wani kuskuren shi ne tsayawa a kan iyakar jiha. Birnin Legas daban, Jihar Legas da aka ƙirƙira a 1967 daban, yankin tattalin arzikin kuma ya fi su duka faɗi. Masana'antun da suka fara a Apapa da Ikeja da Ilupeju sun daɗe da tsallakawa Jihar Ogun neman fili mai arha, suka cika Ota da Agbara da Shagamu, dutsen farar ƙasa na Ewekoro da Shagamu ya kawo kamfanonin siminti kamar yadda na Kalambaina ya kawo mana namu, mutanen Mowe da Ibafo kuma a Ogun suke kwana, a Legas suke aiki, suna bin babbar hanyar Badun safe da yamma. Amsar da ta yanke a iyakar jiha ta bar babban kaso na masana'antun a waje. A nan ne kuma wasu ke cewa Legas ta rasa matsayinta tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disamban 1991. Ma'aikatun gwamnati sun tashi, amma tashar jiragen ruwa ba ta ɗaukuwa, kasuwar hannayen jari da hedikwatocin yawancin bankuna ma suka zauna inda suke, domin inda kuɗi ya riga ya taru nan wani kuɗin yake neman zuwa.

Alƙaluman yawan jama'a wuri ne da ya kamata a yi hattara. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Legas kimanin mutum miliyan 9.1, ƙasa da miliyan 9.4 na Kano, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Saboda haka duk adadin da ka kawo, ka faɗi shekararsa da wanda ya fitar da shi. Abin da ya fi amfani ma shi ne cinkoso. Legas ce mafi ƙanƙantar jiha, faɗinta wajen murabba'in kilomita 3,500, kaso mai yawa kuma ruwa ne, don haka ko da adadin ƙidayar aka bi, mutum fiye da 2,500 ke kan kowane murabba'in kilomita, a Jihar Sakkwato kuwa, mai mutum miliyan 3.7 a lokacin a kan faɗin kusan 26,000, ba su kai 150 ba. Kuma kada kalmar "arziki" ta ruɗe ka ka zaci kowa mai hali ne. Duk wanda ya hau Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990, yana hango gidajen katako na Makoko a kan ruwa, kuma cunkoson motoci da tsadar haya da shara suna cikin amsa kamar yadda bankuna suke ciki.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ɗan Sakkwato ya rubuta shafi uku bai ambaci arewa ba. Ba a kiran wuri cibiya sai da yankunan da ke kewaye da shi suna aika masa kaya da mutane, shi kuma yana aiko musu da kayan masana'anta da na tasha. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Badun a 1901, ya haɗu da Kano a 1912, reshensa ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929 bai ƙaraso mu ba, kuma gyaɗa da auduga da fatun da ya kwasa suna cikin abin da ya gina Apapa. A yau tirela ce ke wannan aiki. Albasar da ake nomawa a fadamun Goronyo da Wurno takan ƙare a kasuwar Mile 12, shanun da ake lodawa a Illela da Achida suna sauka a mayankar Oko-Oba da ke Agege, samarin da ke tafiya ci-rani bayan girbi su ne masu sayar da ruwa da gyaran takalmi da dako a can, kuɗin da suke aikowa kuma yana sayen taki a ƙauyukanmu. Ɗalibin da babansa ko kawunsa ke wannan fatauci yana riƙe da misalin da ɗan Legas ba shi da shi, amma sai ya ɗauka cewa abin da ya sani a gida bai cancanci shiga takardar jarrabawa ba.

Saura taswira. Da yawa sukan tsallake ta don tsoron zane, wasu kuma su ɓata rubu'in awa suna ƙawata ta da launi. Abin da ake buƙata zane ne na minti biyar: gaɓar teku a kudu, tafkin a bayanta da mashigarsa, kogin Ogun yana zubowa daga arewa, Apapa da Ikeja da Lekki kowanne a gurbinsa, layin dogo da babbar hanya suna fita ta wajen Badun, sai kibiyar arewa da taken taswirar da mabuɗin alamomi. A saman takardar nakan sa ɗalibaina su ja kibiya biyu, ɗaya mai gangarawa da albasa da shanu da ma'aikata, ɗaya mai haurowa da fetur da sukari da kayan kwantena.