Binciken filin jirgi: abin da ya wajaba a kanka da abin da ba a isa a yi maka ba

Mai tashi daga Zariya sai ya bi hanya kafin ya ga jirgi: ko filin Kaduna da ke gaba da Mando, ko na Malam Aminu Kano, ko na Abuja. Filin da ke Palladan a Zariya na kwalejin sufurin jiragen sama ne, wadda aka kafa a 1964, kuma horo ake yi a cikinsa. Saboda haka lissafin lokaci daga mahaɗar Kwangila a Zariya yake farawa. Ka isa filin awa 2 kafin tashi idan tafiyar cikin gida ce, awa 3 idan ta waje ce, sannan ka ɗora lokacin hanya a kai. Wannan ba batun rasa jirgi kaɗai ba ne. Wanda ya makara shi ne ba ya iya tsayawa ya nemi a kira babban jami'i, shi ne ke barin turarensa a kan tebur, shi ne kuma ke sa hannu a aljihu don a sallame shi.

Fara da sanin wanda ke gabanka, domin ba duk mai kaki ne aikinsu ɗaya ba. Hukumar FAAN ce ke gudanar da manyan filayen jirgi na tarayya, kuma jami'an sashen tsaronta, AVSEC, su ne ke kan na'urar haska kaya da ƙofar gano ƙarfe. Tambayarsu ɗaya ce: ko kana ɗauke da abin da zai cuci jirgi. NDLEA miyagun ƙwayoyi take nema. Kwastan na duba kayan haraji da kuɗi, kuma doka ta ce wanda ya ɗauki fiye da dala 10,000 ko kwatankwacinsu ya bayyana. Jami'an shige da fice fasfo da biza ne nasu. Sama da filin da kamfanonin jirgi akwai NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama. Ƙorafi da yawa na mutuwa ne saboda mai shi ya rubuta "jami'an filin jirgi" kawai, kowace hukuma ta ce ba nata ba ne.

Rabin matsalar a gida ake kashe ta, wajen haɗa kaya. Duk abu mai ruwa ko mai maiƙo da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, a tara su a leda mai haske ta lita 1. Mazubin ake aunawa, ba abin da ya rage a ciki ba: kwalbar humra mai mililita 200 ko da saura kaɗan a gindinta ba za ta wuce ba. Zuma, man shanu, man kaɗanya da man zaitun duk a wannan layi suke, sai a naɗe su da kyau a sa a jakar awo, wato wadda ake miƙa wa kamfanin jirgi a sa ta a ƙarƙashin jirgi. Dokar ta samo asali ne daga makircin da aka bankaɗo a Ingila a watan Agustan 2006 na haɗa bam da ruwa a cikin jirgi. Maganin ruwa da madarar jariri suna da rangwame, amma ka fito da su ka nuna, tare da takardar likita idan allura ce irin ta masu ciwon sukari. Aska, reza, almakashi da 'yar wuƙar da ke maƙale a makullin mota, duk jakar awo.

Fawa-bank kuma akasin haka ne. Ba ya shiga jakar awo, domin idan batirin ya kama wuta a ƙarƙashin jirgi babu mai gani. Iyakar da ake wucewa da ita ba tare da izini ba ita ce 100Wh, a ma'aunin ƙarfin batiri. Mai 20,000mAh yana kan 74Wh, ana barinsa ya shiga. Mai 30,000mAh ya kai 111Wh, sai da amincewar kamfanin jirgi, wanda ya haura 160Wh kuwa ba ya hawa sam. Idan rubutun jikinsa ya goge ana iya hana shi, tunda ba yadda za a tabbatar da ƙarfinsa.

Jakar awo ta fi komai buƙatar ido. Ka ɗauki hotonta a kan sikeli, ka ƙirga guntayen takardun shaida da aka liƙa maka a bayan katin shiga jirgi. Jaka biyu ka bayar, shaida biyu za ka gani, da sunanka da inda za ka. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya kan jakar da ke ɗauke da tiramadol, wadda aka liƙa wa sunanta a filin Kano ba da saninta ba, kuma sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan NDLEA ta kama waɗanda ake zargi da aikin. Don haka kada ka ba ɗan dako fasfo da tikiti ya je ya yi maka awo, kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na maƙwabci ne. Masu Umara da Hajji su bar goro a gida, Saudiyya ta hana shi.

A bakin na'ura ka kwashe aljihun babbar riga da na 'yar ciki gaba ɗaya. Waya, makulli, agogo, tsaba da bel mai ƙarfe su shiga tire, kwamfuta a fito da ita daban. Dabara mai amfani: zuba waya da kuɗi cikin jakar hannu ka zuge, maimakon barinsu a fili, kuma kada ka tura kayanka sai ka ga wanda ke gabanka ya wuce ƙofa. Kaya na ɓata ne a wannan ɗan tsakanin, lokacin da tirenka ya fita can kai kuma kana tsaye a nan. Mata su rage awarwaro da fil ɗin hijabi tun daga gida. Mai na'urar bugun zuciya, ko wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa ko ƙugu, ya faɗa kafin ya shiga ƙofar, da takardar asibiti a hannu, ya nemi a duba shi da hannu.

Idan ƙofa ta yi ƙara za a bi jikinka da sandar hannu, wani lokaci a lalube ka. A nan ne haƙƙi ya fi tauyewa, galibi don kunya ta hana mutane magana. Mace jami'a mace ce ke lalube ta, namiji kuma namiji. Idan babu mace a wurin, ki tsaya gefe ki ce za ki jira, ba laifi ba ne. Ko wanda ake tuhuma da laifi, sashe na 9 na dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ya ce a bincike shi cikin mutunci kuma ta hannun jinsinsa sai in akwai larura ta gaggawa, balle fasinja da bai yi komai ba. Mai niƙabi dole ta buɗe fuska a gwada da hoton fasfo, amma tana iya neman a yi a keɓe a gaban mace. Haka rawani: ana iya bin sa da sanda ko a taɓa, idan kuma sai an warware, a nemi ɗakin keɓe, kada a tuɓe wa dattijo a tsakiyar layi. Laya ko guru da aka ɗinke da fata na iya jawo tambaya, musamman in da ƙarfe a ciki, gara a cire a sa a tire da a same shi a ƙugu. Idan aka kai ka ɗakin keɓe ka nemi mutum na biyu ya tsaya, ko jami'i ko abokin tafiyarka, kuma a shigo da jakarka inda kake ganinta. Yaro kuma ba a raba shi da iyayensa.

Abin da ba ka da shi shi ne ikon ƙin bincike gaba ɗaya. Wanda ya ƙi, ba ya hawa jirgi, haka ƙa'idar take a duk ƙasashen da ke bin tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Zaɓinka yana kan yadda za a yi da wanda zai yi.

Na'urar haska jiki ta yaɗu ne bayan 25 ga Disamban 2009, lokacin da Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a kamfai a jirgin Amsterdam zuwa Detroit. Na farko-farkon suna nuna surar mutum kusan tsirara, kuma matsin lambar jama'a da majalisa ya sa Amurka ta janye irin waɗannan daga filayenta a 2013. Na yanzu zanen mutum-mutumi suke nunawa, da alama a wurin da ake shakka. Kana da damar tambaya wace iri ce, ko ana adana hoton, ko kuma a lalube ka a madadinta.

Waya fa? Jami'in tsaron jirgi na iya cewa ka kunna ta don ya ga waya ce da gaske. Shiga WhatsApp, hotuna ko manhajar banki ba ya cikin aikin tantance fasinja, kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin saƙonni da hirar waya. Ka tambaya da ladabi: "Yallaɓai, wace hukuma ce, kuma a kan wane zargi?" Wannan kariya ta gida ce. A kan iyakar Amurka jami'ai na duba waya ba tare da sammacin kotu ba, saboda haka abin da ba ka so a gani, kada ka tafi da shi. Katin shiga jirgi ma sirri ne: lambar da ke jikinsa da sunan mahaifi sun isa wani ya buɗe bayanan tafiyarka, don haka a daina ɗora hotonsa a Facebook.

Idan aka ce za a riƙe wani abu naka, tambayi dalili, ka nemi komawa kanta ka sa shi a jakar awo, ko ka miƙa wa wanda ya rako ka. Shi ya sa yake da kyau direban da ya kawo ka daga Zariya ya dakata har ka kira shi. Abu mai daraja idan hukuma ta ƙwace, a ba ka takarda mai suna da sa hannu. "A ba mu na ruwa" ba ya cikin kowace doka, umarnin muƙaddashin shugaban ƙasa na watan Mayun 2017 ma ya haramta wa jami'an filayen jirgi roƙo da karɓar na goro.

Kada ka ɗaga murya, kada ka ɗauki bidiyo a wurin tantancewa, an hana, kuma nan take za a juya maganar ta koma kanka. Ka riƙe abu biyar a ka, ka rubuta da zarar ka zauna: sunan da ke ƙirjin jami'in, hukumarsa, ƙarfe nawa, wane layi ko ƙofa, da lambar jirginka. Nemi shugaban masu aiki na wannan lokaci, in bai wadatar ba ka je teburin SERVICOM, masu karɓar ƙorafi kan ayyukan gwamnati, ko na jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA. Sannan ka rubuta takarda ga manajan filin, shafi ɗaya, ba zagi, ka faɗi abin da kake so a yi, ka kuma nemi a adana hoton kyamarar tsaro na wannan awa. Yi wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, domin na'urar na shafe tsohon hoto ta ɗora sabo. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Jakar da aka fasa ko aka lalata kuwa kamfanin jirgi ake bi: cike takardar rahoto kafin ka bar wurin ɗaukar kaya, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa yarjejeniyar Montreal ta ba da kwana 7 kacal na rubuta ƙorafin lalacewa, kwana 21 na jinkiri.

Idan aka yi shiru, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman takardun hukuma ba tare da ka faɗi dalili ba. Kwana 7 gare su su amsa, suna iya ƙara wasu 7, shiru kuma daidai yake da hanawa, kana da kwana 30 ka kai kotu. Za su iya fakewa da tsaro su ƙi bayyana yadda na'ura ke aiki, don haka ka taƙaita buƙatarka: rahoton abin da ya faru da kai da matakin da aka ɗauka. Idan hoton fasfonka ko bidiyon bincikenka ne ya fita, hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke karɓar ƙara a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Neman cin hanci a kai wa ICPC mai yaƙi da rashawa, cin zarafi kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Hukumar karɓar koke-koken jama'a tana da ofis a Kaduna, kyauta take aiki, amma ba ta sauraron ƙorafin da ya haura wata 12, kuma za ta fara tambayarka kwafin takardar da ka kai wa hukumar da kake ƙara.