Ciwon ƙafa mai hana kwana: kurakuran da ake yi da magungunansa

Na daɗe ina tsaye bayan kanta a wata farmasi nan Tahoua, kuma akwai wani ciwo da in mutum ya fara bayani tun bai gama ba na san inda ya dosa. Da rana lafiyarshi lau, amma da an yi isha'i ya miƙe kan tabarma sai ƙafafu su ce ba su san zancen ba, wani ya ce kamar kiyashi na yawo cikin ƙwabrinshi, wata ta ce kamar ana jan jijiya, dole sai an tashi an yi ta zagaye tsakar gida sannan abun ya lafa, a koma a kwanta ya dawo. Lokotoro kan rubuta syndrome des jambes sans repos a takarda, wani likitan Suwidin mai suna Ekbom ne ya yi bayaninshi sosai a 1945. Mu nan wasu sanyi suke cewa, wasu iska. Toh ni yau magungunan nake son mu duba, don da yawa daga cikin waɗanda ke dawo min suna kuka, maganin ne da kanshi ya juya musu.

Babba a cikin kurakuran, wanda ya fi ci min rai, ƙarin ƙwaya. Akwai pramipexole, wanda a kwali za ka ga an rubuta Sifrol, da ropinirole, da levodopa irin Modopar, dukansu suna kwaikwayon ko ƙara wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dopamin. Makonnin farko wallahi kamar an cire ƙaya, mutum ya yi kwanan da ya manta rabonshi da shi. Bayan watanni ko shekaru sai abun da ke farawa bayan isha'i ya koma farawa da magariba, daga nan la'asar, wani har azahar, sai ya hau cinya, ya shiga hannuwa, zama cikin mota ma ya gagara. Mai ciwo sai ya ce ai jikina ya saba da maganin, bari in sha biyu. Ya samu sauƙi na ɗan lokaci, abun ya dawo fiye da da, ya koma uku. Ƙara wa wuta makamashi kenan fa, maganin ne ke tsananta ciwon, kuma levodopa ya fi kowanne saurin yin haka in ana shan shi kullum. Sifrol a wannan ciwon ba a wuce 0,54 mg a rana, ropinirole kuma 4 mg. In ka ga lokacin farawar ciwon na matsowa gaba gaba, koma wajen wanda ya rubuta maka ka faɗa mishi daidai haka, "da ƙarfe tara yake farawa yanzu ƙarfe huɗu". Shi ya sa ma ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2024 ta sauya shawara, ta ce kar a riƙa farawa da irin waɗannan, a fara da duba ƙarfen jini da su gabapentin.

Kishiyar wannan kuma shi ne wanda ya ji labarin nan ya tsorata ya jefar da kwalin dare ɗaya. Kar ka yi. Dararen da za su biyo baya ba kyau, ƙafa ta haukace, ga fargaba ga zufa ga baƙin rai. A hankali ake ragewa, likita na bin ka, sau da yawa yana sa wani maganin ya tare gurbin.

Akwai wata illa ta irin waɗannan ƙwayoyin da kusan ba wanda ke danganta ta da magani, don kunya. Suna iya sa mutum ya kasa riƙe kanshi. Dattijo da bai taɓa sanin hanyar PMU ba, wato wajen cacar tseren dawaki, sai ga shi kullum da tikiti, ko yana ta zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya, wata ta yi ta saye-saye a kasuwa ba dalili, wani ci da dare kamar gara, wani kuma sha'awa ce ke yin yawa har uwargida ta fara zargi. Wata Hajiya ta taɓa ja na gefe ta ce ɗana, Alhaji ya canza, ko dai an yi mishi wani abu ne? Da na duba ordonans ɗinshi sai na ce Hajiya kafin a je wajen malam a fara komawa likita tare da ke, ki faɗi abun da kika gani da bakinki, don shi ba zai faɗa ba. In an rage maganin ko an sauya, yawanci halin kan tafi. Ga kuma barci da ke sace mutum ba sallama, direban da ke bin hanyar Konni zuwa Dosso ko ɗan kabu-kabu ya kamata ya san wannan tun ranar farko.

Tashin zuciya ma suna sawa a farko, sai mutum ya je ya sayo Primperan. Kash! Primperan toshe dopamin yake yi, wato ka sha abu biyu masu kokawa da juna kuma ƙafarka ce filin dambe. Sha ƙwayar ciwon ƙafar da ɗan abinci a ciki, yawanci cikin 'yan kwanaki tashin zuciyar yake wucewa. Haka Phenergan da wasu ke sha don su samu barci, da magungunan mura masu sa gyangyaɗi, da cyproheptadine na ƙiba da mata ke saye wajen masu tallar magani, da Laroxyl, duk suna iya tada ciwon. Wani ma ba shi da komai sai da ya fara shan waɗannan.

Gabapentin da pregabalin, su Neurontin da Lyrica, ba su da waccan matsalar ta tsananta ciwo, amma suna da tasu: jiri, nauyin jiki da safe, kumburin ƙafa, ƙiba. Tsoho ya sha ya tashi fitsari cikin dare sai a ji shi ƙasa. Da kaɗan ake farawa, da dare, kuma mai ciwon ƙoda dole a rage mishi don ta ƙoda suke fita. Haɗa su da tramol ko siron kodin ko diazepam na iya danne numfashi har mutum ya kwanta bai tashi ba, wannan ba wasa nake ba. Tramol ɗin kanshi, samarin da suka saba da shi ranar da suka rasa ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya, sai su ɗauka ciwo ne ya zo tramol ke maganinshi, alhali rashin shi ne ya kawo.

Sai maganin ƙarin jini, inda kuskuren kala biyu ne. Wasu ba a taɓa yi musu analiz ɗin ferritine ba, wato gwajin ajiyar ƙarfe a jiki, an duba jini kawai an ce ya isa. Toh jini na iya isa amma ajiyar ƙarfe ta yi ƙasa, kuma a wannan ciwon in ferritine ta kai 75 ko ƙasa da haka ana ba da ƙarfe. Kar a yi gwajin kana cikin masassara ko ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro, lambar kan hau ta ruɗi kowa. Waɗanda aka bai wa kuma, sai su ga bayan gida ya yi baƙi ko ciki ya ɗaure su daina cikin sati. Baƙin ba komai ba ne, ɗaurewar kuma a sha ruwa sosai, a ci zogale da ganye, ko a tambayi likita a koma sha rana ɗaya a tsallake ɗaya. Abun da ke ba ni dariya, mutum ya haɗiye ƙwayar da shayin fada, na ɗaya na biyu har na uku, ko ya kora da hura da nono. Shayi da nono suna hana ƙarfen shiga jiki, a bar kamar awa biyu tsakani, a sha da ruwan lemun tsami ya fi. Wata uku ake yi kafin a sake gwaji. Mai sikila ko wanda ake yawan ƙara wa jini kar ya taɓa shi da kanshi, ƙarfe na iya yi mishi yawa. A kuma ɓoye kwalin nesa da yara, guba ne gare su.

Mata masu ciki, musamman watanni ukun ƙarshe, suna yawan samun wannan kuma galibi yana tafiya bayan haihuwa. Kar maƙwabciya ta ba ki ragowar Sifrol ɗinta, ba a ba mai ciki, mai shayarwa kuma yana rage mata ruwan nono. Ki faɗa a wajen awo a duba miki ƙarfe.

In za ka koma likita, nan asibitin jiha ko an tura ka wajen masu jijiya a Yamai, zuba duk abun da kake sha cikin leda ɗaya ka tafi da shi, har na mura da na ƙiba da wanda ka saya a tasha, ka kuma rubuta a takarda ƙarfe nawa ƙafar ke fara damunka kowace rana na sati biyu.