Yadda Ake Gane Cututtukan Fata Masu Alaƙa da Ciwon Daji da Magungunansa

Idan mai ciwon daji ya zo asibiti da ƙuraje, ko tabo, ko gyambon da ba a san mafarinsa ba, ɗaya daga cikin abu huɗu ne ke faruwa. Ko ƙwayar cuta ta samu ƙofa saboda garkuwar jiki ta yi rauni, ko magani ne ya jawo, ko dajin da kansa ya yaɗu zuwa fata, ko kuma ƙarin da ke can ciki yana sakin sinadarai ko yana tunzura garkuwar jiki har abin ya fito waje. Na huɗun nan ya fi ƙaranci, shi kuma aka fi kuskurewa, domin sau da yawa yakan bayyana watanni kafin a gano dajin. Sai ka ga mutum yana ta shafa man makero ko na kirci, ana canza masa wani bayan wani, alhali fatar tana nuni ne da huhu ko ciki.

A fara da abin da zai iya kisa yau

Kafin a shiga neman sunan cuta, a auna zafin jiki, a buɗe baki, a duba ido da al'aura, a ga sakamakon ƙirgen jini na ranar. Wanda ke karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zafinsa ya kai 38.3 ko ya tsaya a 38 na tsawon awa guda, ƙwayoyin nutirofil ɗinsa (fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta) kuma suka yi ƙasa da 500 a maikirolita, a ɗebi jininsa don gwajin ƙwayoyin cuta, a fara masa maganin kashe su ta jijiya cikin awa ɗaya. Ba a jiran likitan fata. A irin wannan majinyaci ƙurji ɗaya tak ya isa abin tsoro. Tabon da ya fara ja, tsakiyarsa ta yi baƙi ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman a hammata, matsematsi ko ɗuwawu, yawanci aikin ƙwayar Sudomonas ne da ta shiga jini, wani lokaci kuma fangas. Ba za a ga mugunya ba, tunda jikin ba shi da ƙwayoyin da ke yin ta, kuma rashin mugunyar ne ke sa a raina ciwon.

Abu na biyu shi ne fatar da ke zafi maimakon ƙaiƙayi, tare da gyambon baki da jan ido. A sa yatsa a murza gefen tabon a hankali. Idan saman fatar ya zame kamar jiƙaƙƙiyar takarda, a ɗauka ciwon Stevens-Johnson ne, wato mummunar illar magani mai sale fata, har sai an tabbatar ba shi ba ne. Yakan fara tsakanin kwana 4 zuwa 28 da soma sabon magani. In kuma fuska ce ta kumbura, ga zazzaɓi, ga kaluluwa, ƙwayoyin iyosinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) da gwajin hanta sun hau, bayan mako 2 zuwa 8 da fara magani, to a yi zargin DRESS, illar magani mai taɓa fata da gaɓoɓin ciki. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne ɗora laifi a kan kemo. Sau da yawa mai laifin yana cikin magungunan rakiya: alofurinol da ake bayarwa don kare ƙoda, kotirimoksazol na rigakafin cutar huhu, fenitoyin ko kabamazafin na mai ƙari a ƙwaƙwalwa. A tsayar da wanda ake zargi nan take.

Kwanan wata ya fi kowane gwaji

A samu farar takarda a ja dogon layi. A rubuta ranar da aka gano dajin, ranar kowane zagayen kemo, ranar fara kowane magani har da na saye da na gargajiya, ranakun gasa dajin da hasken na'ura, ƙarin jini, dashen ɓargo, sannan ranar da ƙurjin farko ya fito da kuma inda ya fito. Rabin aikin ya ƙare a wannan takarda, domin kowane magani yana da lokacinsa da kamanninsa.

Magungunan da ke toshe EGFR (wani furotin da ke sa ƙwayoyin jiki girma), irin su setuksimab, erlotinib da gefitinib, suna fesar da ƙuraje masu farin kai a fuska, fatar kai, ƙirji da baya cikin mako biyun farko. Kamar ƙurajen balaga suke, sai dai babu toshewar ƙofofin gashi masu baƙin kai, kuma suna ƙaiƙayi a kan busasshiyar fata. Man busar da ƙurajen balaga ƙara ɓata su yake yi. Bayan wata ɗaya ko biyu gefen farce ya fara kumburi, gashin ido ya yi tsawo ya nannaɗe.

Ciwon tafin hannu da na ƙafa iri biyu ne, kuma raba su yana da amfani. Kafesitabin, fuloroyurasil da doksorubisin mai rufin kitse suna sa tafin gaba ɗaya ya yi raɗaɗi, ya kumbura, ya yi saɓa. A baƙar fata abin da aka fara gani shi ne tafin ya yi duhu ya yi kauri, jan ba ya fitowa, don haka ake makara wajen rage magani. Sorafenib da sunitinib kuwa kanta suke yi mai zafi, rawaya-rawaya, a inda nauyi ke sauka kawai: diddige, ƙasan yatsun ƙafa, kan yatsun hannu, cikin mako 2 zuwa 4.

Wasu kuma kallo ɗaya ya isa. Dogayen layuka baƙaƙe a baya da kafaɗa kamar shatin bulala, aikin maganin biliyomaisin ne. Gyambo mai zafi a idon sawu ga wanda ya shekara yana shan haidiroksiyuriya ba zai warke ba sai an janye maganin. Tabo mai kusurwa huɗu da miƙaƙƙen gefe, wanda ya tashi bayan allurar dosetaksel, jemsitabin ko doksorubisin, a tambayi inda aka taɓa gasawa. Idan ya dace da wurin, tsohon gashin ne maganin ya tayar, ko da an yi watanni ko shekaru.

Magungunan zaburar da garkuwar jiki, irin su fembirolizumab da nibolumab, ba su bin wannan tsari sosai. Matsalarsu kan iya fitowa bayan watanni, har bayan an daina su. Dattijon da ke kansu ya zo da ƙaiƙayin da ya hana shi barci makonni, da tabo kamar borin jini wanda ba ya gushewa, a yi tunanin femfigoyid, ciwon da garkuwar jiki ke sa fata ta yi bororo, tun kafin bororon ya fito.

Duba jiki

A cire tufafi duka, a samu hasken rana ko farar fitila mai ƙarfi. A duba fatar kai, bayan kunne, cikin baki, farce, tafin ƙafa, cibiya da kan nono. A fata mai duhu kumburi kan fito ne ruwan hoda mai duhu, ko toka-toka, ko baƙi fiye da kewayensa, saboda haka a taɓa da bayan hannu a ji ɗumi, a kwatanta dama da hagu. Faɗin ciwon ana ƙiyasta shi da tafin hannun majinyacin haɗe da yatsu, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa. Ƙasa da kashi 10 mataki na ɗaya ne, 10 zuwa 30 na biyu, sama da 30 na uku, kuma da wannan lissafi likitan daji zai yanke ko a ci gaba da magani. A ɗauki hoto da awon santimita a gefe, da izinin majinyaci. Ƙullutu mai tauri marar zafi a cibiya, a kan tabon tiyata ko a fatar kai, da "kircin" kan nono ɗaya da ya ƙi jin magani, duk sai an yanka an duba.

Alamomin da ke sa a nemi daji a ciki

Baƙin kauri mai laushi a wuya da hammata abu ne da ake gani kullum ga masu ƙiba da masu ciwon sukari, ba ya nuna daji. Wanda ke tayar da hankali shi ne wanda ya fito farat ɗaya ga babban mutum mai ramewa, yana ƙaiƙayi, ya bazu har leɓe da cikin baki, tafin hannu kuma ya yi kauri da zane-zane kamar cikin tumbin saniya. Wannan a leƙa cikinsa da na'ura, domin dajin ciki ne kan gaba. Idan tafin hannun ne kaɗai, a duba huhu.

Ciwon Bazex, wanda aka bayyana a 1965, ɓawo ne mai duhu a gefen kunne, kan hanci, yatsu da farce, yawanci ga namiji da ya haura 40 mai shan taba ko giya. Ana ɗaukarsa soriyasis, ciwon fata mai ɓawo da ke daɗewa, amma soriyasis ba ya zaɓar gefen kunne da kan hanci. A tura shi a leƙa maƙogwaro da maƙoshi, a lalubi wuya. Akwai kuma wanda wani likita mai suna Gammel ya bayyana a 1952: zobba a cikin zobba kamar zanen jikin katako, suna tafiya kusan santimita 1 a rana. A zagaye gefen da biro a dawo gobe. Makero ba ya wannan gudu. Huhu ake fara dubawa.

Damatomayosaitis, ciwon da ke kama fata da tsoka, yana zuwa da kumburi da duhun fatar ido, ƙuraje masu faɗi a kan gaɓoɓin yatsu, da kasa tashi daga kujera ko ɗaga hannu a taje kai. A auna CK, sinadarin da ke hauhawa a jini idan tsoka ta lalace, a nemi gwajin garkuwar jiki na TIF1-gamma da NXP2 in da hali. Haɗarin daji ya fi yawa a shekaru ukun farko, kuma ga mace kada a manta da ƙwan mahaifa.

Gyambon bakin da ya ƙi jin komai, leɓe ya yi ɓawon jini, ido ya yi ja, ga mai limfoma (dajin kaluluwa), sankarar jini ta CLL, cutar Castleman (wata cutar girman kaluluwa) ko ƙarin taimus (gaɓa a cikin ƙirji), shi ne femfigus na daji, ciwon garkuwar jiki da wani likita mai suna Anhalt ya bayyana a 1990. A riƙa tambayar numfashi, domin yana toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu.

Ciwon Sweet zazzaɓi ne da jajayen kumburi masu zafi, masu kamar sun tara ruwa alhali da tauri, a fuska, wuya da hannuwa. Kusan ɗaya cikin biyar yana da daji, galibi sankarar jini ta AML, kuma allurar G-CSF, ta ƙara fararen ƙwayoyin jini, ma tana kawo shi. Yana jin sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, cikin kwanaki, amma kamanninsa ɗaya da ƙwayar cuta a jini, don haka gwajin ƙwayoyin cuta ne a gaba. Ɗan'uwansa shi ne gyambo mai tsananin zafi mai rarakakken gefe, wanda ke ƙara faɗi duk lokacin da aka kankare shi. Idan an lura da haka a dakatar da wuƙa.

Ƙuraje masu salewa da ke yawo a matsematsi da kewayen baki, da jan harshe, rama, ƙarancin jini da sabon ciwon sukari, suna nuni da ƙarin fankiriyas (gaɓar da ke yin insulin) mai sakin gulukagon, sinadarin da ke ɗaga sukarin jini, wanda awonsa kan haura 500 pg/mL. Ƙarancin zinki yana kwaikwayonsa, a auna shi ma. Fatar babban mutum da ta koma saɓa kamar ta kifi kwatsam, a lalubi kaluluwa saboda limfoman Hodgkin, a kuma yi gwajin HIV da duba kuturta.

Yankan fata don gwaji

Bayofsi, wato naman da aka yanka don gwaji, da yawa suna dawowa ba amsa saboda yadda aka ɗauke su. A fara kankarar ɓawo a ɗiga ruwan gwaji na KOH kashi 10 don a ga ko fangas ne. Sannan a sa allurar kashe zafi ta lidokain kashi 1, a yi amfani da abin huda mai milimita 4, a nutsa har kitse. A zaɓi sabon ƙurji wanda ba a sosa ba, ba a shafa wa sitiroyid ba. Ga bororo, a ɗauki gefen wanda bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba, rabi lafiyayyar fata. Ga gyambo, gefe ake ɗauka, tsakiya mataccen nama ne kawai.

Sau da yawa yanka uku ake bukata, kowanne da mazubinsa. Na duban nama ya shiga fomalin, ruwan adana nama, kashi 10, mai yawan ninki goma na naman. Na gwajin garkuwar jiki mai haske a ɗauke shi daga fatar da ke kusa da bororon, cikin santimita 1, a sa shi a ruwan Michel da aka tanada don wannan gwaji, ko ruwan gishirin asibiti idan zai isa ɗakin gwaji cikin awa 24. Fomalin ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi ya lalace. Na neman ƙwayoyin cuta ya shiga kwalba mai tsabta a kan bandejin da aka jiƙa da ruwan gishiri, a rubuta a nemi bakteriya, fangas da dangin tarin fuka. Idan ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa, a yi ɗinki a danne wurin minti 10 cur. A takardar rakiya a kwafe layin kwanan watan nan gaba ɗaya, domin a ƙarƙashin madubin awo illar magani da ciwon da ke tasowa idan ɓargon da aka dasa ya yaƙi jikin majinyaci kan yi kama da juna.

Idan fata ta nuna daji amma ba a san inda yake ba, a bi abin da alamar ta nuna tukuna, sannan ƙirgen jini da duban shafinsa, gwajin hanta da ƙoda, gwajin jini na LDH, hoton CT na ƙirji, ciki da mara, da gwaje-gwajen da suka dace da shekaru da jinsi. In ba a ga komai ba kada a sallami mutum. A sa masa ranar dawowa bayan wata 3 zuwa 6 a sake dubawa. Ga wanda aka riga aka yi wa magani fatarsa ta washe, dawowar tabon a wurinsa na da dalili ne na sake hoto a wannan makon, ko da ranar asibitinsa ba ta zo ba.