Yadda Ake Gwada Fagen Faɗan Labari a Majalisa Kafin a Sake Shi

Duk wanda ya taso a Kano yana karɓo hayar littattafan yaƙi a shagon unguwa ya san yadda jarumi ke zama a ran mutum. Ka rufe littafi, ka mayar wa mai haya kayansa, jarumin yana nan bai tafi ba. Wata rana sai ka ɗauki biro ka ce bari ka kai shi inda marubucinsa bai kai shi ba: ka tsayar da shi a kan Dala, ka haɗa shi da wani aljani da kai ka ƙirƙiro. Irin wannan rubutu ni labarin aro nake ce masa. Jarumin na wani ne, fagen kuma naka.

Wurin faɗa ne irin wannan labari ya fi karyewa. Kai da ka rubuta kana ganin komai a kanka, ka san inda kowa ya tsaya da hannun da ya riƙe takobi. Mai karatu kuwa abin da ke kan takarda kaɗai yake da shi. Hanyar da na sani ta gano ɓaraka ita ce ka kai fagen majalisa, a karanta shi da baki, ka bar mutane su yi maka tsiya son ransu, domin a cikin tsiyar nan gyaran yake. Ga yadda ake yi.

Da farko, kafin kowa ya ji, ka taka wurin da ƙafarka. In a kan Dala za a yi faɗan, ka hau Dala. Za ka ji yadda numfashi ke sarƙewa kafin ka kai sama, ka ga yadda birni ya shimfiɗu a ƙasa da Goron Dutse can gefe, ka gane cewa wanda ya hau da gudu ba zai iso yana kirari da cikakkiyar murya ba. In a cikin gari ne, ka shiga lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, inda mai ɗauke da kaya sai ya karkace kafin ya wuce ɗan'uwansa. A irin wannan lungu doguwar takobi bango za ta sara, mai wuƙa shi ke da riba. Ka dawo gida ka zana wurin a takarda, ka sa alamar inda kowa yake da inda rana take.

Kayan yaƙin ma ka san zamaninsu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. In ka mayar da jaruminka zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda a 999, sannan ka sa wa mutanen Dala sulke, akwai wanda zai kama ka. Almara ce, kana da ikon yin haka, amma sai ka ba da dalili a cikin labarin. Ranar Hawan Daushe ka tsaya ka kalli 'yan lifidi da kyau, ka ga yadda doki ke tafiya ƙarƙashin wannan nauyi na auduga. Wanda ya gani sau ɗaya ba zai ƙara rubuta cewa doki mai lifidi ya juya wuf kamar mage ba.

Abin da ya fi koya mini faɗa kuwa gidan dambe ne. Ka je Ado Bayero Square a Sabon Gari da yamma ka zauna. Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancin turmi jira ne. 'Yan dambe biyu suna kewaya juna, hannu ɗaya a miƙe yana auna tazara, hannun da aka ɗaure da zare yana can baya a ɗane. Kowa yana karanta ƙafar ɗan'uwansa. Sai a yi turmi guda ba kisa, a koma na biyu, can sai naushi ɗaya ya shiga, mutum ya taɓa ƙasa, gida ya ɗauki ihu. Zuciyar 'yan kallo a lokacin jiran nan take bugawa. Mu kuwa a rubutu mun saba da cewa suka kacame da azababben yaƙi, suna sara da suka har tsawon sa'a uku. Mai karatu ba ya ganin komai a cikin wannan jimla, ƙura ce kawai.

Sai batun siddabaru. Tatsuniyoyinmu da labaran mafarauta cike suke da layar zana da baduhu da sagau da tauri, kuma kowa ya san ƙa'idarsu: kowane asiri yana da makari, kowane hatsabibi yana da lago. Ka yanke wa kanka tun kafin faɗa abin da aljaninka zai iya da abin da ba zai iya ba, kuma ka nuna wa mai karatu lagon tun da wuri, ko da a fakaice. Laya da ta fito daga aljihu a daidai lokacin da jarumi ya rasa mafita, ba tare da an taɓa ambatonta ba, ha'inci ne ga mai karatu.

Mataki na biyu shi ne zaɓen masu sauraro, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Kada ka tara masu jin nauyinka. Wanda zai ce “Masha Allah, ya yi” tun ba a kai ƙarshe ba, ƙaunarka yake, amma bai amfane ka ba. Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ka nemi wanda ya haddace jarumin nan, wanda ya karanta littafin asali har bangonsa ya cire. Ka nemi wanda bai taɓa jin sunansa ba. Ka nemi wanda ya san faɗa a jikinsa, tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa ko mahayin doki. In kana da taubashi, kada ka bar shi a baya, don al'ada ta riga ta ba shi lasisin faɗa maka abin da wasu za su haɗiye.

Lokaci kuma ka duba. Bayan isha'i a teburin mai shayi ya fi, amma ba daren da ake buga babban wasan ƙwallo ba. Shayin kai za ka saya.

Mataki na uku: ba kai za ka karanta ba. Wannan na riƙe shi da ƙarfi. In kai ka karanta, hannunka zai riƙa kwatanta saran, muryarka ta riƙa cike gurbin da ka bari, mutane su fahimci abin da ba ya kan takarda. Ka miƙa wa wani, ka gabatar da labarin a jimla biyu kawai, wane ne da wane ne kuma me ya haɗa su, sannan ka ja bakinka ka yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka riƙe kwafinka da biro, kana sa alama a inda aka yi dariya, inda wani ya ɗauko waya ya fara dannawa, inda mai karantawa ya yi tuntuɓe ya koma baya, da inda majalisa ta yi tsit.

Bari in ba da misali da nawa. Na rubuta jarumin aro ya tari wani aljani a bakin tsohuwar ganuwa da almuru. Wani abokina ne ya karanta. Ana tsakiyar faɗa sai autarmu, wadda ta kawo mana ƙosai ta tsaya saurare, ta ce, “Yaya, wai jarumin nan hannu nawa gare shi?” Aka fashe da dariya. Ta lissafa da yatsa: takobi a dama, garkuwa a hagu, ga shi ya riƙe linzami, ga shi kuma ya zaro laya daga ɗamara. Hannu huɗu ke nan. Na karanta wurin ya fi sau goma a ɗaki ban gani ba.

Ba a jima ba taubashina ya ce, “Tsaya, dokin fa? Ko ya tafi kiwo ne?” Gaskiya ne, tun shafi na biyu jarumi ya koma faɗa a ƙasa, ban faɗi yadda ya sauka ba, ban kuma ƙara ambaton dokin ba. Da aka zo kirari, wanda na yi wa layi goma sha biyu, sai ya ƙara da cewa aljanin nan mai haƙuri ne, ya tsaya yana jira kamar mai jiran Adaidaita Sahu a bakin titi. Wani dattijo mahauci da ya yi dambe a ƙuruciyarsa bai yi dariya ba. Ya ce, “Ɗana, ka ce an soke shi a cinyar hagu. Wanda aka soka a nan ba ya tsalle. Ja da baya yake yi yana neman abin jingina.” Na ce, “Na gode, Baba,” na rubuta.

Amma maganar da ta fi nauyi a daren daga wanda ya haddace littafin asali ta fito. A ƙarshen fagen na sa jarumi ya sari aljanin bayan ya juya zai gudu. Mutumin ya ajiye kofinsa ya ce, “Malam, wannan ba shi ba ne. Bai taɓa sarar wanda ya ba shi baya ba.” Nan musu ya ɓarke. Wasu suka ce aljani ba mutum ba ne, ƙa'idar ba ta hau kansa ba. Wasu suka ce hali hali ne, ko da wa ake yi. Aka kai kusan rabin sa'a ana ja, mai shayi ma ya sa baki.

Wannan ya kawo mu mataki na huɗu, wato tankaɗe abin da ka ji. Ba duk magana ce nauyinta ɗaya ba. Duk tsokanar da ta shafi jiki da wuri, irin su hannu huɗu, doki da ya ɓace, rauni da aka manta, ka gyara ta ba tare da gardama ba. Dariyar da ba ka nufa ba alama ce mai sauraro ya fita daga labarin ya koma kallon marubuci. Wadda ta shafi son rai, kamar “da ni ne da aljanin ya yi nasara”, ka ji daɗinta ka bar ta, domin ba a musu a kan abin da bai shiga rai ba. Ƙorafin da ya shafi halin jarumi kuwa shi za ka kwana kana juyawa. A labarin aro amana ka ɗauka. Kana iya sauya masa gari, ka sauya masa makami da abokin gaba, masoyansa za su bi ka. In ka taɓa halinsa ba dalili, sun daina ganinsa, wani baƙo suke gani sanye da rigarsa. In har kana son ya karya ƙa'idarsa, to karyawar ta zama ita ce labarin: ya san abin da ya yi, kuma abin ya dame shi.

Akwai kuma wanda zai bar rubutu ya koma kanka, ya ce ai kai ba marubuci ba ne. Wannan ba tsokaci ba ne, kada ka ba shi wuri a takardarka. Sauran kuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ka lura da abu ɗaya. Masu sauraro sun iya nuna inda ɗaki ke yoyo, amma yaɓen naka ne. Taubashina cewa ya yi in cire kirarin gaba ɗaya. Ban cire ba, domin faɗan Bahaushe ba kirari lami ne. Matsalar wurin da na ajiye shi ce. A gidan dambe ɗan dambe yana kirari ne kafin a sa zare, ba lokacin da naushi ke tafe ba. Sai na rage shi zuwa layi uku, na dawo da shi farko, lokacin da tazara ke tsakaninsu.

Mataki na biyar, ka bar rubutun ya kwana biyu ko uku kafin ka taɓa shi, zafin majalisa ya huce. In ka zauna gyara, ka bi faɗan bugu-bugu, kana tambayar kanka: wa ya kai, da wane hannu, ina ya samu, me ya sauya bayan nan? Bugun da bai sauya komai ba ka share shi. Wurin sara ka gajarta jimla, wurin jira ka sake ta ta yi tsawo. Hausa tana da kalmomin da suka isa: goce, zille, tokara, shaƙe, maka, ɗirka. Su caraf da wuf da tim gishiri ne, kaɗan ya wadatar. A saman labarin kuma ka rubuta ƙarara cewa jarumin ba naka ba ne, ka ambaci mai shi, kuma kada ka sayar da abin da ka gina a kan haƙƙin wani ba da izininsa ba.

Daga nan sai ka koma teburin mai shayi da sabon rubutu, ka ƙara mutum ɗaya da bai ji na farko ba. Bayan an gama karantawa ka tura masa kofi biyu da cokali da gwangwanin madara, ka ce wannan jarumi ne, wannan aljani, wannan doki, wannan kuma ganuwa, ya nuna maka yadda faɗan ya gudana. In ya matsar da su daidai tun daga farko har ƙarshe bai tambaye ka komai ba, ka saki labarin. In ya ɗaga cokali ya tsaya yana neman inda zai ajiye shi, ka duba layin da ya tsaya, ka sa masa alama da biro, ka koma gida da takardarka.