Masu koyon sassaƙa lofe, ga inda aikin ke yawan ɓaci

Yaran da ke koyon sassaƙa lofe a nan Legas, musamman masu kai kaya kasuwar kayan tsaraba ta Lekki inda Turawa ke zuwa, kusan duk ciwonsu ɗaya ne, hankalinsu na kan ƙyalli tun aikin bai je ko'ina ba. Mutum zai miƙo maka lofe yana ta sheƙi, ka sa a baki ka ja iska ka ji yana fito, ka juya shi ka ga wuyan ya karkace. Illar taba dai kowa ya sani, ni maganar sana'a nake yi.

Icce tukuna. Lofen Turawa na asali da saiwar wani icce ake yi mai suna biraya, yana fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum irin su Italiya da Girka da Aljeriya, kuma sai an dafa shi an shanya wata da watanni kafin a sa masa wuƙa. Mu nan sai dai oda, shi ya sa yara ke zuwa wajen 'yan katako su tsinci guntaye. Ba laifi, amma ɗanyen icce tsagewa yake yi, ga damshin garin nan da ba ya barin abu ya bushe da wuri. Ka ajiye shi a inuwa kana ɗora shi a sikeli lokaci-lokaci, in nauyin ya daina raguwa to ya bushe. Katakon ɗaurin kaya na kwantena kuwa ka rabu da shi, wani an sa masa magani, kuma abin nan wuta za a kunna a ciki a zuƙa.

Inda aka fi kwafsawa shi ne huda. Sai yaro ya gama sassaƙa sannan ya ɗauko injin huda, alhali tun iccen na da kusurwa huɗu ake yi, lokacin da za ka iya matse shi ya tsaya cak ka ja layi da fensir a gefe. Ramin taba faɗinsa milimita 19 ko 20, hanyar hayaƙi wajen milimita 4, kuma dole ta ɓullo daidai gindin ramin a tsakiya. In ta fito sama, tabar ƙasa ba za ta ci ba, ruwa ya taru yana ƙara, in ta kauce gefe kuma gefe ɗaya ne zai riƙa ci. Ka fara huda hanyar hayaƙin, sannan ka riƙa sauka da ramin kaɗan-kaɗan kana leƙawa da tocilan har su haɗu. Bangon ramin kar ya gaza milimita 6, in ba haka ba zafi ba zai bar mutum ya riƙe ba.

Sai tsoron cire icce. Wallahi yawancin lofen farko kamar dankalin da aka soka wa kara yake, saboda mai shi na jin in ya ƙara goga magagari zai ɓata. Wurin da tukunya, wato kan lofen da ake zuba taba, ta haɗu da wuya nan ne ake barin tulin icce, ka shiga da zagayayyen magagari ka rarake har tukunyar ta fito da siffarta, kana ɗaga shi saitin haske kana duba dama da hagu. Bakin da ake cizawa ma a rage masa kauri ya dawo wajen milimita 4, ba wanda zai so ya cika masa baki.

Wani abu kuma, kar ka goge wuya daban bututun baki, wanda ake cusawa a wuyan, daban. Gefunan za su lanƙwashe, in ka haɗa ka ga rami a tsakani. A haɗe ake goge su, har sai ka shafa da yatsa ba ka ji gaɓar ba.

Samfefa ba a tsallake lamba, 220 sai 320 sai 400 sai 600. Wanda ya yi tsalle daga 120 zuwa 600 zai ga ya yi sumul, amma yana shafa rini duk zanen zai fito baƙi ƙirin. Rinin fata mai sifirit shi ya fi shiga icce, ka tambayi masu kayan fata a Mushin, kuma kar ya taɓa cikin ramin taba. Banish da fenti, don Allah a bari, in lofen ya ɗau zafi kumbura suke yi su ɓare. Kakin kanuba da ake samu daga wani icce a Birazil shi ake gogawa, in babu kakin zuma ma ya yi, sai dai ba ya daɗewa. Kafin rinin ka ɗan shafa sifirit da auduga ka duba a rana, duk inda zane ya rage ka koma lambar baya ka sake.