Yadda za ka zaɓi gangaren da zai ba ka inabi mai zaƙi da jure ajiya

Noman inabi ya samu gindin zama a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kuma masu sha'awar shiga harkar sai ƙaruwa suke yi. Inda yawancin sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne sayen dashe kafin su san ƙasar da za su saka shi. Wani ma ya kai shi fadama, a tunaninsa inda rake da tumatir suka yi kyau inabi ma zai yi. Kurangar inabi takan yi shekara 20 ko fiye a wuri ɗaya. Taki da magani ana iya sauya su kowace shekara, amma wurin da ka dasa ta ya zauna ke nan.

Cikin waɗanda suka yi suna wajen nazarin wannan akwai manoman yankin Burgundi a Faransa. Su dai giya suke yi da inabinsu, mu kuwa na ci muke nomawa, amma abin da suka gano game da ƙasa ya shafe mu. Gonakinsu mafi daraja suna tsakiyar gangare mai fuskantar gabas, a kan ƙasa mai dutsen farar ƙasa, ba a ƙoli ba, ba kuma a kwari ba. Gonar Romanée-Conti, wadda ta fi kowacce suna a can, ba ta kai hekta biyu ba. A irin wannan wuri ruwa ba ya kwanciya, kurangar ba ta samun abinci fiye da kima, sai ta yi 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo. A cikin ɓawon nan launi da ɗacin da ake kira tanin suke, su ne kuma, tare da tsamin 'ya'yan, ke sa jar giyarsu ta yi shekaru a kwalba ba ta lalace ba. Kaurin ɓawon ne dai ke taimaka wa inabin ci ya isa kasuwar Kaduna ko Abuja bai fashe a kwali ba.

Fara da auna gangaren. Samo siririn tiyo mai gani har hanji, tsawon mita 12, ka cika shi da ruwa. Kafa sanda biyu, tsakaninsu mita 10, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka jingina bakin tiyon a jikin kowace. Auna tsayin ruwan daga ƙasa a kowace sanda. Idan bambancin santimita 50 ne, gangarenka kashi 5 cikin 100 ke nan. Daga kashi 2 zuwa 10 ya yi daidai. Ya haura 15, sai da matakala ta dutse, kuma kuɗin aikin zai ci ribar shekarun farko.

Sai rami, kuma nan ne ba a son gaggawa. A watan Agusta, lokacin da damina ta kai tsakiya, haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wuri uku: sama, tsakiya da gindin gangaren. Sauka ciki ka dubi bangonsa. Ƙasa ja ko ruwan makuba tun daga sama har ƙasa alama ce iska na shiga. In ka ga toka-toka da ɗige-ɗigen tsatsa, ruwa na kwana a nan, saiwa za ta ruɓe. Jiƙa ɗan ƙasar ka murza a tafin hannu: in ta yi dogon zare kamar ta maginin tukwane, yumɓu ya yi yawa, in ta ƙi haɗuwa sam, rairayi ne zalla wanda ba ya riƙe ruwa a rani. Wadda ake nema ita ce mai dunƙulewa, ta farfashe da an matsa ta, da 'yar tsakuwa a ciki. Daga nan cika ramin da ruwa. In bayan awa 24 yana nan tsaye, bar wurin.

Babban abin tsoro a tudun ƙasar Zazzau shi ne marmara. Sau da yawa ƙasar sama tana da kyau, amma a zurfin santimita 40 ko 50 sai diga ta ci karo da shimfiɗar marmara mai tauri. Saiwa ba ta huda ta, sai ta bazu a sama. Da damina ta nutse a ruwa, da rani ta ƙone. In siririya ce a fasa ta da diga a duk tsawon layin dashe, ba a ramin kaɗai ba, domin ramin da aka fasa shi kaɗai tukunya yake zama, ruwa ya taru a ciki. In mai kauri ce, nemi wani fili.

Ɗebi samfurin ƙasa kala biyu, na sama zuwa santimita 30 da na 30 zuwa 60, ka kai ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Inabi ya fi son ma'aunin pH tsakanin 6 da 7. In ya gaza 5.5 za a buƙaci farar ƙasar noma, a barbaɗa ta watanni kafin dashe.

Fuskar gangaren ma da magana. Mai kallon gabas yana samun hantsi da wuri, raɓa ta bushe a ganye, fumfuna ta rasa wurin kamawa. Mai kallon yamma yana shan ranar la'asar, kuma a Fabrairu da Maris tana iya ƙona nonon inabin. Zafin da ya haura digiri 35 yana hana jan inabi yin launi, yana kuma cinye tsaminsa, a samu zaƙi salam babu armashi. Sanyin daren hunturu shi ne arzikinmu a nan. Shi ya sa ake datse rassa a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, don nunar ta faɗo cikin sanyi, kusan wata huɗu bayan datsar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai a yi mata shinge ta wannan ɓangaren. In darbejiya za ka shuka, nisanta ta da layin farko da aƙalla mita 10, don saiwarta na da kwaɗayi.

Layuka su bi gangaren a gicciye. Yankin Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, kuma layin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa hanyar zaizaya ce. Shuka jema ko gamba a gicciye bayan kowane layi huɗu ko biyar, ka yi magudana a saman gonar da za ta karkatar da ruwan tudu. Tazarar mita 3 tsakanin layuka da mita 2 tsakanin kurangu na ba da kusan 1,660 a hekta. Kowane rami ya zama santimita 60 a faɗi, tsawo da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu kilo 15 zuwa 20 da rabin kilon takin zamani na supa. Ɗanyen taki yana janyo gara, yana kuma ƙona sabuwar saiwa.

Kada ganye ya ruɗe ka. Rumfar da kurangar ke hawa, in ta yi duhu, kore shar, tana faranta ran mai gona, amma yawanci alamar yuriya ce ta yi yawa: 'ya'yan sukan zo da ruwa-ruwa, ɓawo siriri, launi kodaɗɗe, kwana biyu a kasuwa sun yi laushi. Da zarar 'ya'ya sun ƙulla a rage yuriya a koma fotash. In ka tsaya ƙarƙashin rumfa da tsakar rana, ya kamata ka ga ɗigon hasken rana a ƙasa. In babu, rage ganye. Idan launi ya fara juyawa a sassauta ban-ruwa sannu a hankali, amma kada a bar ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta, nan take 'ya'yan ke tsagewa.

Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka kada farashin farkon kaka ya sa ka yanke shi ɗanye. A ƙaramar na'urar auna zaƙi, na ci yana so ya kai 16 zuwa 18. Ɗauki na gwajin daga ƙasan nono, inda ya fi jinkirin nuna, kuma ka auna na saman gangare dabam da na gindi, domin na sama yakan riga nuna. Yanka da almakashi da sassafe, ka kama ta kara don kada farar hodar da ke jikin 'ya'yan ta goge, ka jera a inuwa, kwali kada ya wuce hawa biyu.